Ruwan da Sabo Ya Nema wa Babansa

Ban taɓa ɗaukar Dubai garin da mutum zai yi yawo a cikinsa ba. A Malesiya na yi karatu, na koma Kano, kuma duk zuwan da nake yi nan don kayan shagon yayata ne: daga otal a Al Buteen zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa sito. Shi ya sa da Sabo ya ce in raka shi ganin ruwa ranar Lahadi, na yi ta tunanin me zai nuna mini wanda ban gani a jikin kalanda ba.

Sabo shi ke ɗaure mana kaya a wani sito a Al Qusais. Mutumin Yawuri ne, ɗan masunta, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa kamar yana gudun ya kori kifi. A cikin kwalekwalen babansa ya tashi. Da kifi ya ja baya, sai ya ajiye komar kamun kifi ya tafi dako Kantin Kwari a Kano, inda wani Alhaji ya ga yadda yake ƙulla igiya ya nema masa biza. Har yau ƙullin masunta yake yi wa dilar atamfa.

Muna cikin jirgin ƙasa ya gaya mini dalilin fitar. Bara babansa ya samu shanyewar ɓarin jiki, ƙanwarsa Wasila ta ɗauko shi zuwa gidanta a unguwar Kurna, a Kano. Likita ya ce harshen ya saku, amma tsohon ya ƙi magana.

"In na kira, numfashinsa kawai nake ji," in ji Sabo. "Wasila ta ce sai ana ruwan sama yake juya kai. To ga ni zaune kusa da teku, Dakta. Bari in kai masa ruwa ta waya."

"Na ce maka ni ba dakta ba ne."

"Wanda ya yi karatu a bayan teku ai dakta ne. Yalla, mu sauka."

Muka fara da mashigin ruwan da ya raba Deira da Bur Dubai. Lokacin sanyi ne, rana ba ta da zafi. Manyan jiragen katako na jere a gaɓa, ana loda musu firji da tayoyi, wankin matuƙansu na shanye a sama yana kaɗawa. Muka shiga abra, ƙaramin jirgin fito, fararen tsuntsaye na bin mu kamar mun ci musu bashi. Sabo ya rufe ido ya karkata kai. Da muka kai tsakiya ya buɗe.

"Inji ya cinye muryar ruwan," ya ce.

A wancan ƙetaren muka bi lunguna masu ƙamshin turare da kanumfari, ba ma sayen komai. Karon farko ke nan na wuce shago a garin nan ban tambayi farashi ba. Muka sha shayin karak, mai madara da kayan ƙamshi, a tsaye. Wani Bahindiye mai sayar da mayafai ya kira Sabo habibi, wato masoyina, Sabo ya ce masa, "Habibin naka yau hutu yake."

Bayan azahar bas ta kai mu Jumeirah. Teku ta buɗe gabanmu ba ƙetare, dogayen benaye a bayanmu sun yi dishi-dishi kamar zane da alli. Na ce a raina nan za a gama. Sabo ya daɗe a tsaye, igiyar ruwa na tasowa tana faɗuwa.

"Wannan ruwan faɗa yake yi," ya ce. "Baba zai tsorata. Kogi ba ya ihu, lasar gaɓa yake."

Na zaci zai haƙura. Sai ya tuna wani abokin aikinsa ya taɓa ambata masa Al Mamzar, kusa da masaukinsa ma, inda teku ta shigo cikin ƙasa ta kwanta. Muka isa da la'asar. Ruwan a kwance yake kamar an shimfiɗa tabarma, hasken rana na narkewa a kansa, can gefe wata mata na koya wa 'yarta tafiya a yashi. Sabo ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya shiga zuwa idon sawu. Ya kira Wasila, ya ce ta kara wa Baba wayar a kunne. Ya buɗe muryar wayar don in ji, sannan ya durƙusa ya riƙe wayar dab da ruwa.

Ruwan na zuwa yana taɓa yashi, yana komawa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na ji zakara ya yi cara a Kurna, na ji wani yana tallan kalanzir. Sai wata murya ta fito, a shaƙe, kalma ɗaya na jan ɗaya:

"Sabo. Wannan ba ruwanmu ba ne. Ruwan wa ka shiga? Ka yi masa sallama?"

Wasila ta saki salati. Sabo ya sunkuya har haɓarsa ta kusa jiƙewa, ya ce, "Salamu alaikum," ga tekun, sannan ya ce, "Na yi, Baba." Tsohon ya ce, "To."

Muka zauna a yashi har ƙafafunsa suka bushe, gishiri ya yi musu fari. Na tambaye shi ko bai ji ciwo ba, ya wuni yana neman ruwa mai kama da na gida, tsohon kuma ya gane ba shi ba ne.

Ya kakkaɓe yashi daga wayar, ya ce, "Dakta, ba ka ji da me ya fara ba? Sunana ya kira."