Kawu Isufu da Sawun Ɓeraye

Duk wanda ya san Kawu Isufu ya san ba ya kallon fuskar mutum sai ya gama duba gindin bango. Kana miƙa masa hannu, shi yana tsugune da tocila. Ƙanen mahaifiyata ne, aikinsa kuma hana ɓera da kyankyaso shiga magazen Hajiya Rabi, wato ɗakin ajiyar kayanta a unguwar Treichville, inda muke daka yaji da garin kunu.

Da yamma kafin a kulle sai ya barbaɗa gari a bin bango. Da safe ya zo ya karanta sawu.

"Biyu ne, uwa da ɗa. Uwar tana ɗingishi."

"Kai Kawu! Har sunanta ka sani?"

"Ba mu gaisa ba tukuna."

Ranar wani ɗaurin aure a unguwar Adjamé, ana tsaka da rabon goro, ya leƙa bayan buhun shinkafar masu gida. Ya ja uban amarya gefe: "Alhaji, kana da baƙin da ba ka gayyata ba." Wallahi mun sha kunya!

Wata shekara masu duba tsafta suka aiko cewa za su zo, in suka ga kashin ɓera ko ɗaya sai sun rufe wurin. Mu kuwa da dakan nan muke ci da 'ya'yanmu. Hajiya ta ruɗe, ta sayo guba a kasuwar Black Market, ta ce a zuba kowane lungu. Kawu ya tare ƙofa, ya ce atafau.

"Isufu, magazen naka ne ko nawa?"

"Naki ne, Hajiya. Amma kunun, jariran mutane ke sha. Ki kore ni tukuna, sannan ki zuba."

Ta yi ta faɗa, amma ba ta kore shi ba. Kwana uku yana toshe ramuka da siminti da fasasshiyar kwalba, yana ɗora buhuna kan katako, mu kuma muna wankin turame har hannu ya saɓule.

Mai duba ya zo, ya zagaya, bai ga komai ba. Ya juya zai fita, sai Kawu ya riƙe masa riga.

"Bayan injin niƙa fa? Haka ake aiki?"

Sai da bawan Allah ya durƙusa da farin wandonsa. Hajiya saura kaɗan ta suma.

Ba a rufe mu ba. Da kunun nan na yaye 'yata, ga ta yau da nata goyon. Bara Kawu ya rasu, har yanzu ina kewarsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya tsare shi kamar yadda Kawu ya tsare bakin yaranmu.