Mutumin da Ya Riƙe Ƙugu a Bakin Jirgi

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciya, har fuskar malamin da ya koya mini harafin farko ta ɓace mini. Amma tafiyar da Babanmu ya kai mu Marwa kallon kayan tarihi tana nan daram a raina, kuma ba na jin za ta fita sai ranar da na bar duniya.

Lokacin muna zaune a Garwa, zamanin shugaban ƙasarmu na farko, wanda hotonsa ke rataye a kowane ofis da shago. Baba akawu ne a kamfanin auduga, mutum mai son a san ya yi lakwal, wato makarantar boko. Wata rana ya sayi kyamara a hannun wani Bature da zai koma gida, sai ya lura kyamara ba ta da amfani in mutum bai je ko'ina ba. Ya ari motar maigidansa na wurin aiki, ya tara mu, ya ce 'ya'yansa ba za su tashi ba su san ƙasarsu ba. Mu uku ne: yayana, ni, da ƙanwata. Mama ta zauna gida da jinjiri. Kakarmu kuwa, wadda duk muke kira Inna kamar yadda Baba ke kiranta, ta ce za ta bi mu ta gaida ƙanwarta a Marwa, amma ita ba ta taɓa jin an ƙona mai don a je kallon dutse ba.

Tun kafin mu fita gari Baba ya fara aiki da kyamara. Ya ɗauki motar daga gaba, ya ɗauke ta daga baya, ya ba yayana ya ɗauke shi yana jingine da ita kamar tasa ce. A kusa da Gider muka sauka cikin wani busasshen kogi da ruwa ya sassaƙe duwatsunsa, baƙaƙe da farare. Baba ya yi mana dogon bayani da Faransanci, mu kuma hankalinmu na kan ƙunshin soyayyar kaza da Inna ta zauna a kusa da shi. Washegari muka je Mindif. Akwai wani dutse a can da ya miƙe sama shi kaɗai kamar haƙori, Baba ya zagaya yana ɗaukarsa ta kowane gefe, sai ka ce dutsen zai gudu. Inna ta leƙo ta tagar mota ta ce ta gani, dutse ne, a tafi.

Bayan azahar muka shiga wani ɗan gidan ajiye kayan tarihi a Marwa. Ɗaki ne mai duhu-duhu, yana ƙanshin tsohuwar fata. Mai gadin, wani dattijo Bafulatani, ya gaishe mu da Fulatanci, da ya ji bakin Inna sai ya juya Hausa. Nan ne Inna ta sami abin yi. Ta ga mazari da ƙwarya da tukunyar ƙasa an jera cikin gilashi, ta ce duk akwai irinsu a ƙarƙashin gadonta, nata ma sun fi kyau. Ta tambayi Baba ko ita ma in ta ƙara tsufa nan zai kawo ta a ajiye. Baba ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da karanta mana rubutun jikin bango.

A can ƙarshen ɗakin akwai tsofaffin hotuna na zamanin Faransa. Ɗaya na tashar jirgin ruwa ne ta garinmu, a bakin Binuwai, mutane na sauke buhunan gishiri. Inna, wadda kullum ke cewa ba ta ganin ramin allura, ta tsaya cak. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Baba na bayanta, ya riƙe ƙugu da hannu ɗaya, yana jira ta wuce ya yi mana bayani.

"Zo nan," ta ce wa Baba. "Ka ga wancan da kowa ke ɗaukar kaya, shi yana tsaye ya riƙe ƙugu, ya karkata hula? Ubanka ne."

Baba bai taɓa ganin mahaifinsa ba. Farke ne, ya rasu a hanyar Yola lokacin Inna tana da cikin Baba, kuma bai bar hoto ko ɗaya ba. Duk abin da Baba ya sani labarin Inna ne, cewa mutum ne mai ƙwazo, ba ya zama. Yayana ya dubi hoton, ya dubi tsayuwar Baba, dariya ta ƙwace masa. Baba ya sauke hannunsa a hankali.

"Inna, kin tabbata?"

"Ni da na dafa masa tuwo? Dubi kunnuwan, sannan ka taɓa naka."

Baba ya kai hannu ya taɓa kunnensa. Faransancin duk ya gudu. Ya ɗaga kyamara, ya danna, ta ƙi. Fim ya ƙare tun a Mindif. Ya roƙi mai gadin ya sayar masa da hoton, dattijon ya ce kayan gwamnati ne, ko ƙusar da ke riƙe da shi ba shi da ikon cirewa. Baba ya fita da gudu kasuwa neman fim, ya tarar mai shagon ya rufe ya yi tafiya. Ga shi dole mu kama hanya a ranar, don an yi alkawarin mayar da mota.

Da ya dawo, gumi ya jiƙa masa riga. Mai gadin ya buɗe taga haske ya faɗo kan hoton, ya kawo wa Inna benci. Sai Baba ya jera mu a gaban bangon. Ya ce tunda kyamara ta ci amanarsa, mu za mu zama kyamarar. Ya ba yayana idanu da goshi, ƙanwata hanci da baki, ni kuma na sami kunnuwa da hula. Ya ce kowa ya kalli nasa har ya zauna masa a kai. Muka tsaya muna kallon fuskar da ba ta fi ƙwayar gyaɗa girma ba. Inna na bayanmu tana share ido da bakin mayafi, tana cewa ranar da aka ɗauki hoton ma mijin nata ƙarya ya yi mata, ya ce ya wuni yana sauke kaya har bayansa na ciwo, ta dafa ruwa ta gasa masa.

Bayan damina Baba ya koma da sabon fim. Ya tarar an shafe bangon da farar ƙasa, hotunan an kwashe su, ba wanda ya san inda aka kai su. Bai yi fushi ba. Sai dai har ya tsufa, in zancen mahaifinsa ya taso, yakan kira mu ya ce kowa ya kawo kasonsa. Mu yi ta gardama, yayana ya ce idanun manya ne, ƙanwata ta ce hancin ba zai yiwu da irin waɗannan idanu ba, shi kuma yana zaune yana murmushi, yana haɗa fuskar a ransa.

Tun daga ranar na koyi cewa in Allah ya tsayar da kai gaban abin da kake ƙauna, ka buɗe ido ka kalle shi sosai, kada ka ce sai wani zuwan. Kuma in za ka je kallon tsofaffin kaya, ka tafi da tsohon gidanku, don rubutun jikin bango sunan wuri kawai ya sani, bai san wane ne ya ƙi ɗaukar buhu ba.