Ranar da Mansura ta hana Sada allura

Mansura 'yar Isah ce, manomin masara a wani ƙauye kusa da Ƙarfi. Tun tana ƙarama ba ta da yawan surutu, sai dai tambaya. Da ta gama sakandare a Malumfashi, uban ya bar ta ta tafi karatun jinya, ko da yake 'yan'uwansa sun ce ya yi nisa. Bayan ta kammala aka turo ta asibitin sha-ka-tafi na garinsu, ɗaki uku da rumfar kwano, ita da mai shara ɗaya.

Da farko mutane ba su ji daɗinta ba. A wajensu, in mutum ya je asibiti ya dawo ba a yi masa allura ba, to ba a yi masa komai ba. Kafso kuwa da launi suka san shi. Ja da rawaya na gudawa ne, wani ma ɓare shi yake ya barbaɗa a gyambo. Ita kuwa sai ta zaunar da kai ta yi ta tambaya: yaushe ciwon ya fara, me ka sha, ka taɓa shan wani magani jikinka ya yi ƙuraje? Wani lokaci ta gama duk wannan ta ce mura ce, maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya yi mata komai, je ka sha ruwan ɗumi ka huta. Aka ce yarinyar nan ta cika rowar magani.

Ba ta yi fushi ba. Takan ce musu magungunan nan gida-gida ne, kamar mutane. Amoksisilin da amfiklos suna ne ya bambanta, ubansu ɗaya, gidan fenisilin, wanda ɗaya ya kumbura masa fuska ba zai sha ɗayan ba. Ja da rawaya kuma ba a ba mai ciki, ba a ba ƙaramin yaro, don yana ɓata haƙora. In ta ga manomi bai gane ba, sai ta tambaye shi ko zai ɗauki maganin ciyawar masara ya fesa wa wake. Nan sai ka ga ya yi dariya ya girgiza kai.

Shekararta ta huɗu a wurin ne, lokacin noman rani, Sada ya zo. Shi ne mai gyaran injin ban ruwa na duk fadamar. Ya haura sittin, bai taɓa zama aji ba, kunnensa shi ne makarantarsa. A tayar da inji ya karkata kai ya saurara, zai gaya maka fulogi ne ko kafireto kafin ya taɓa sifana. Abokin kakan Mansura ne, don haka suna wasan jika da kaka, amarya yake ce mata.

Ya shigo yana ɗingishi yana dafa bango. Ƙarfe ne ya yanke shi a ƙwauri, wurin ya yi ruwa. Ya ce wani mai allura da ke zagaya ƙauyuka a babur ya yi masa allura safe da yamma kwana takwas, yanzu ya yi tafiya, ya bar masa sauran. Ya cire hula ya zazzage 'yan kwalabe shida a kan tebur, ya ce ta ƙarasa masa.

Ta ɗauki ɗaya ta karanta. Jantamaisin ce. Ta tambaye shi yaya fitsari, bai amsa ba, yana kallon bakinta. Sai da ta maimaita da ƙarfi ya ce ya ragu. Da ta matsa, ya faɗa mata cewa kwana biyu ke nan yana jin kamar gyare na kuka a kunnensa, in ya miƙe kuma ƙasa na juya masa.

"Baba Sada, ba zan yi maka allurar nan ba."

"Amarya, rowar taki har ta kai ga mijinki? Kayana ne, hannu kawai na zo aro."

"Allurar nan tana da amfani, amma awo ake yi mata, a ƙirga kwanaki, a lura da ƙoda. Gidansu in ya yi yawa kunne yake ci. Kukan da kake ji, sallamarta ce. Abin da ta cinye kuma ba ya cika dawowa."

Sada ya dubi ƙafarsa. Can ya ce ƙafar fa, ai mai allurar ya ce in aka tsaya ruɓewa za ta yi. Ta ce ƙafa tana da wani magani, kunne ne ba shi da shi. Ya fara tattara kwalabensa, ya ce akwai wani a Gozaki da zai yi masa. Ba ta riƙe hannunsa ba. Tambayarsa kawai ta yi, in injin Murtala mai tumatir ya tsaya gobe, wa zai saurare shi? Ya daɗe da kwalaben a tafin hannu, sannan ya ajiye su.

Ta wanke ciwon ta ɗaure. Da ta tambaye shi tarihin magani, ya tuna wani kafso da ya taɓa sa masa ƙuraje har leɓe ya kumbura, ya kuma tuna sunan, amfiklos. Ta rubuta wannan da manyan baƙaƙe a takardar da ta ba shi ya kai babban asibitin Malumfashi, don kada a ba shi kowa daga gidan fenisilin. A can aka auna jininsa, likita ya ce ƙodar ta gaji amma za ta farfaɗo, ya ba shi ƙwayoyi daga wani gida dabam. Mansura ta ja masa kunne cewa ko ciwon ya bushe a kwana uku, sai ya shanye duka kamar yadda aka rubuta, kuma kada ya sam wa kowa.

Kullum yakan zo a wanke ƙafa. Jirin ya ragu a hankali, ƙafar ta kame. Kunnen ne ba wanda ya san matsayinsa, shi ma bai yarda ya koma fadama ba, don tsoron kada a tayar da inji a gabansa ya ji ba komai. Mansura ba ta yi masa alkawari ba. Ta ce dai an tsaya da wuri, sauran na Allah ne.

Sati na uku, tana naɗe masa bandeji, aka ɗauke wuta, mai shara ya tayar da janareton firjin rigakafi a bayan ɗaki. Sada ya juya kunnen hagu, ya yamutsa fuska, ya juyo na dama ya tsaya cik.

"Wannan na hagun ya yi nauyi, amarya, ba na jin zai dawo yadda yake," in ji shi. "Amma injinku yana shan iska ta gindin kafireto. Tun yaushe yake haka?"

Ta ce tun bara, masu gyara biyu sun duba ba su gano ba. Ya ce ta gama ɗaurin da sauri, a nemo masa sukudireba.