Jarkar Kawu da Bishiyar Lemon Tsami

Shekarar da aka buɗe gari bayan kullen korona na shiga ajin yaƙi da jahilci a Koki, da furfurata. Ban gama sanin baƙaƙe ba ma'aikatan lafiya suka zo ajin gwajin jini, aka ce ina da ciwon hanta, nau'in C. Ni da ko ciwon kai ba na yi.

Likita ta ce na taki sa'a. A da allura ake yi kusan shekara, mutum ya jigata, kuma ba lallai ya warke ba. Yanzu ƙwaya ce, ɗaya kullum har wata uku. Sharaɗinta guda: kada in haɗa da jiƙe-jiƙe.

Likita ba ta san kawuna ba. Wan mahaifiyata ne, a Mandawari yake, kuma bai taɓa zuwa dubiya hannu sake ba. Ya ɗora ƙwayar a tafin hannu ya dube ta.

"Wannan ɗigon ne zai wanke hanta? Ɗan nan, ka san girman hanta kuwa? Je ka mahauta ka gani."

Washegari ya aiko jarkar jiƙon sassaƙe, baƙi ƙirin. A cikin gari ba a mayar wa babba magani. Kowace Juma'a sai ya kawo sabuwa da kansa, in karɓa da hannu biyu, yana fita in juye a gindin lemon tsamin da mahaifina ya shuka, in haɗiyi ƙwayata.

"Yaya ɗacin?" in ji kawu.

"Ana daurewa, Kawu."

Matata ta ce, "Ita ma bishiyar tana daurewa." Ta faɗa ne a hankali, tana miƙa masa ruwa.

Da aka sake gwaji aka ce babu cutar, kafin la'asar kawu ya zama likitan hanta. A ƙofar masallaci yake nuna ni: "Ga shi nan, ku tambaye shi." Na bar shi. Me zai rage ni?

Sai wani tela maƙwabcina, mai 'ya'ya ƙanana, ya yi mini sallama. Shi ma cutar ce. Ya fara shan ƙwaya, amma ya ce zai ajiye ya koma jarka, tunda ita ta warkar da ni.

Na sa aka yi masa iso har tsakar gida, na tsayar da shi gaban lemon. Ko ganye ɗaya babu.

"Malam, ga wanda ya sha jarkar," na ce. "Ni ƙwaya na sha."

Tela ya ci gaba da ƙwayarsa ya warke. Amma shagon tela ba ya riƙe magana, kafin Juma'a labari ya kai Mandawari.

Ga abin da na rasa: bishiyar lemon tsami ɗaya, kaza biyu da suka yi tono a gindinta, da gaisuwar kawu, wadda har yau in na durƙusa sai ya ce in je in gaida likita.