Katin Awon da Na Ɓoye

Lokacin da matata ta samu cikin fari, ina sana'ar kabu-kabu a Bukkuyum, kuma duk tasha ba wanda ya kai ni cika baki. Na tashi a gidan da tuwo ba ya isarmu, sai na sa wa raina cewa abin da zan haifa ba zai fito kamar tsinke ba. Duk ranar kasuwa na ɗauro lemon kwalba da madarar gwangwani da sukari a bayan babur. Ko fura ta dama, sai na ƙara mata cokali biyu na sukari da hannuna, na tsaya a kanta har ta shanye.

Cikin yana wata shida ta dawo daga awo jikinta a sanyaye. Malamar asibiti ta ce sukarin jininta ya hau, ta rage zaƙi, ta riƙa motsa jiki, ta koma bayan sati biyu. An ma rubuta a katinta da jan biro.

"Mi sunka sani?" na ce. "Yaushe anka fara hana mai juna biyu ci?"

Inna, mahaifiyata, tana tsince wake a ƙofar ɗakinta, ta ɗago. "Kai dai bi maganar asibiti. Mu da munka haife ku, wa ya ɗura muna lemo?"

Ban ji ba. A ganina so ake a ce na kasa ciyar da matata. Na karɓe katin na cusa shi ƙarƙashin kujerar babur. Ni ke kai ta awo, don haka awo ya ƙare daga ranar.

Haihuwar ta zo da wuya, sai da aka kai ta asibiti a Gummi. Yarinyar ta fito ƙatuwa. Ranar suna na riƙa yawo da ita ina tambayar abokaina ko sun taɓa ganin irinta, uwar tana ɗaki ko zama ba ta iya yi.

Bana shekarar yarinyar tara. Daga gida zuwa makarantar Islamiyya sai ta huta sau biyu tana haki. Yara suna kiranta buhun gero, kuma sunan daga bakina suka ji shi, ni na fara faɗa da wasa. Da ta fara ɓuya a bayan rumbu don kar ta je makaranta, muka kai ta wurin likita.

Ya auna ta, ya tambayi abin da take ci, sannan ya juya ga uwar. Ta yi ciwon sukari lokacin cikin? Ya ce idan ba a kula da shi ba, yakan sa yaro ya fi saurin yin ƙiba, amma har yanzu akwai abin yi.

"An hwaɗa min wurin awo," ta ce, idonta a ƙasa.

"To me ya hana ki komawa?"

Katin yana nan a waje, cikin babur ɗin da ya kawo mu, don ko da na canza babur ban iya yar da shi ba.

"Sakacina ne, likita," ta ce.

Ya yi mata faɗa sosai, a gaban ɗiyarta. Ina zaune kusa da ita da hulata a hannu, kunya ta rufe ni, kuma na bar ta da laifin da ni na yi.