Haƙoran da ke cikin tasa

Shekara goma sha takwas ke nan Mai Giɓi tana wanke filaya da almakashi a ɗakin likitan haƙori. Sunan ya bi ta ne saboda babu haƙoran gabanta biyu, ko dariya za ta yi sai ta kare baki da hannu. Tana 'yar shekara sha huɗu ta zo garin nan gudun hijira, a lokacin haƙoranta ras.

Ita ke zubar da tasar da ake jefa haƙoran da aka cire. Jini da wari ba su taɓa tayar mata da zuciya ba. Abin da ke sa ta tofar da yawu shi ne idan ta ɗauraye haƙori ta ga lafiyarsa lau, sai ɗan baƙi kamar ƙwayar gero. Irin waɗannan duk na yaran 'yan gudun hijira ne. 'Yan gari kuwa, masu kwana da alawa a kumatu, ko haƙori ya ruɓe har yana ɗoyi sai a lallaɓa shi a yi masa ciko, a ce su dawo mako mai zuwa.

"'Yan gudun hijiran nan gobe za a iya kwashe su zuwa wani wuri," in ji likita kullum. "Wa zai bi su da ciko? Cirewa ta fi sauƙi."

Wata Talata da hantsi aka shigo da wata yarinya daga sansanin 'yan gudun hijira, haƙorinta na gaba na ciwo. Likita ya leƙa bakin kamar mai tayin rago, ya miƙa hannu.

"Filaya."

Mai Giɓi ta ƙi motsi.

"Ranka ya daɗe, ciko zai yi."

"Yau kuma ke ce likitan?"

Sai ta sauke hannun da ta saba kare baki da shi, ta wangale masa giɓin a ƙarƙashin fitila. A duk tsawon shekarun nan bai taɓa duban bakinta ba. Ya gyara tabarau, ya yamutsa fuska.

"Wane mahaucin ne ya yi miki wannan aika-aika?"

"Kai ne, ranka ya daɗe. A kan kujerar nan."

Yarinyar na kwance baki buɗe, idonta na yawo tsakaninsu. Likita ya daɗe yana kallon tasar. Can ya ce a ɗauko kayan ciko, amma bai yarda sun haɗa ido da Mai Giɓi ba.