Bindigar Baba da Ƙarafan Awo

Bayan rasuwar Baba, bindigarsa ta farauta ta faɗo a rabona, har aka mayar da takardar izininta da sunana. Ni kuwa tela ce a unguwar Bab Makka, almakashi na sani. 'Yata ce ta matsa. Ta shiga kulob ɗin harbi a bayan gari, kuma ta ƙwallafa rai sai ta harba bindigar kakanta.

Yayana ya ce kada kowa ya taɓa kunamarta sai ya duba. Shi ma'aikacin ƙarfe ne a Madinar Masana'antu, wato unguwar kamfanoni, kuma shi ke gyara wa kulob ɗin bindigoginsu. Muka same shi a kulob ɗin da hantsi, a wani ɗaki mai warin man inji.

Ya fara tabbatar da babu harsashi a ciki. Ya zare sakatar bindigar, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi a gurbinsa, ya cire mata ƙusar da ke dukan harsashi, ya goge ko'ina tsaf. Sannan ya buɗe wani ƙyalle, sai ga ƙarafa biyu masu siffar harsashi, sumul, suna ƙyalli. Na jujjuya su a tafin hannuna, ban ga abin da ya raba su ba.

"Yaya, ai tsayinsu ɗaya."

"Ɗaya ya ɗara ɗaya da kamar kaurin silin gashi," in ji shi. "Gajeren, dole sakata ta rufu a kansa. Dogon, dole ta ƙi. In ta rufu a kan dogon, gurbin ya yi yawa. Kwanson harsashi zai iya tsagewa, wuta ta dawo wa mai harbi a fuska."

Ya sa gajeren, sakata ta sauka lafiya. Ya sa dogon, ya ɗora yatsa ɗaya kawai a kan hannun sakatar, bai danna ba. Sannu a hankali ta gangara, ta rufu ruf.

"Halas," ya ce. "Wannan ta gama aiki, sai an sake mata baki."

'Yata ta ce, "Khali, wallahi?" Haka take kiran kawunta da Larabci, sauran maganar ma da shi ta ƙarasa, idonta ya ciko.

Ni sai na tuna ɗinkina. Ina yanka yadi in bar rarar yatsa guda, ba wanda ya taɓa cutuwa. Ga shi a nan abin da ido ba ya gani shi ne tsakanin yarinyata da makanta. Na yi ta faɗin Subhanallahi, har Yaya ya miƙo mini ruwa.

A ranar dai, da bindigar kulob 'yata ta yi harbinta. Ina zaune a baya da abin toshe kunne, na ga takardar da take auna ta motsa can nesa kafin ma in gane ta harba.